'Yata na son a cire mata mahaifa tana shekara 19

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kano ce, shekarata 21 a Ingila, a nan na haifi 'ya'yana uku. Shekara biyu da suka wuce 'yar farina ta ce mana ita ba ta jin kanta mace, ta sauya suna a makaranta, ta ce a riƙa kiran ta da "kai". Da ta cika 18 ta fara karɓar sinadarin maza daga wani asibitin kuɗi, yau wata 14 ke nan. Muryarta ta buɗe, gashi ya fara fito mata a haɓa. Makon jiya ƙanwarta ta nuna mini a waya cewa tana tara kuɗi a intanet don ta je wata ƙasa a cire mata mahaifa da ma'ajiyar ƙwai gaba ɗaya. Na kira ta, ta ce mararta na ciwo kullum, jini yakan ɓalle mata, kuma duk ranar da ta ga jinin ji take gara ta mutu. Ta ce ba ta son haihuwa har abada. Tun tana sakandare take shan maganin damuwa. Babanta ya ce mu ce mata za a yi bikin ƙanwata a gida, in ta sauka a riƙe fasfonta, a yi mata ruƙiyya, a ɗaura mata aure. Ni barci ya gagare ni. Mene ne haɗarin wannan tiyata? Ta yaya likita zai yarda ya yi wa yarinya haka? Zan iya hanawa? In bi shawarar maigidan? Daga wata uwa a Ingila.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya yaye miki. Zan yi magana a kanta da "ita" kamar yadda kika yi, amma zan dawo kan wannan, domin akwai wata dabara a bakinki da ba ki lura da ita ba.

Kin sa maganar mutuwa a tsakiyar wasiƙa kin wuce, ni kuma a nan na tsaya. Yarinyar da ke shan maganin damuwa, tana zaune nesa da gida, tana cewa gara ta mutu, ba a jira sai an gama muhawara da ita. Ki tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin kashe kanta, ko ta shirya wata hanya. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ta ce e, a ranar ku kira 111 ku nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, in abin ya yi tsanani 999. Ki tura mata lambar Samaritans, ƙungiyar da ke sauraron masu damuwa a waya, 116 123, kyauta ce dare da rana. Duk abin da zan faɗa a ƙasa yana bayan wannan.

To, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɗakin mata, kuma abin da na fi gani shi ne mutane suna cewa "cire mahaifa" kamar abu ɗaya ne, alhali aiki biyu ne da nauyinsu ya bambanta. Mahaifa ita ce inda ciki ke zama, daga ita jinin al'ada ke zuwa. A gefenta dama da hagu akwai ma'ajiyar ƙwai guda biyu, kowacce ba ta wuce girman ɗan dabino ba, kuma su ne ke samar da sinadarin istrojin da ke kare ƙashi da jijiyoyin jini. Ana iya cire mahaifa a bar su. 'Yarki tana son a kwashe duka, kuma nan ne zuciyata ta fi tsinkewa.

Ita tiyatar kanta, a hannun ƙwararre, yawanci ana fita lafiya. Ta ƙananan huda a ciki ake yin ta da na'ura, a kwana ɗaya ko biyu a asibiti, a yi mako shida zuwa takwas ana jinya. Haɗarinta shi ne na kowace babbar tiyatar mara: zubar jini, ƙwayar cuta ta shiga, gudan jini a ƙafa ko huhu, ko a raunata mafitsara, hanji, ko bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Ga mai shan testosteron, wato sinadarin mazan da take karɓa, akwai ƙarin haɗari, domin sinadarin yana busar da fatar cikin gaba ya sirantar da ita, ɗinkin ciki kuma a wannan fatar ake yin sa. Sai ki haɗa da tafiya ƙasar waje. Hawa jirgi kwanaki kaɗan bayan tiyata yana ƙara haɗarin gudan jini, kuma in ɗinki ya buɗe a mako na uku, likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa, hukumar da ke kula da likitocin Birtaniya kuma ba ta da iko a kansa.

Abin da ya fi wannan girma yana zuwa ne bayan shekaru. Ranar da aka cire ma'ajiyar ƙwai, jikin 'yar shekara 19 ya shiga halin da mace kan shiga wajen shekara 50, a dare ɗaya. Daga nan sai ta dogara da sinadarin kwalba, ko testosteron ko istrojin, na shekara 30 aƙalla. In ta daina, ko kuɗi ya yanke, ko ta koma ƙasar da ba a samun sa, zafin jiki da gumin dare da rashin barci su biyo baya, ƙashi ya riƙa zaizayewa a ɓoye har sai ranar da ya karye. Masu bincike na asibitin Mayo a Amurka sun daɗe suna bin matan da aka cire wa ma'ajiyar ƙwai kafin lokaci, sun ga ƙaruwar ciwon zuciya da raunin tunani a tsufa, musamman ga waɗanda ba a ba su istrojin ba. A 2018 sun fitar da wani binciken kan mata 2,094 da aka cire wa mahaifa kaɗai aka bar musu ma'ajiyar ƙwai, suka bi su fiye da shekara 20. Waɗanda aka yi wa aikin suna shekara 35 ko ƙasa, haɗarin kasawar zuciya ya ninka musu sau 4.6, na toshewar jijiyoyin zuciya sau 2.5. Gaskiya ta tilasta in ƙara da cewa matan nan ba masu shan testosteron ba ne, kuma irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya rantsuwa cewa tiyatar ce kaɗai sanadi. Amma wanda zai rayu shekara 60 bayan aiki ya cancanci ya ji wannan kafin ya sa hannu.

Yanzu ga ɗaya gefen, domin 'yarki ta san shi, kuma in kika ɓoye shi za ta daina sauraronki. Wani asibitin Amsterdam da ya daɗe yana aikin sauya jinsi ya duba mutum 6,793 da suka zo masa daga 1972 zuwa 2015. Cikin waɗanda aka haifa mata aka cire musu ma'ajiyar ƙwai, kashi 0.3 cikin ɗari ne aka rubuta sun yi nadama. Adadi ne ƙarami ƙwarai, kuma akwai mutane da yawa da ke cewa tiyatar ta sauke musu nauyin da suka daɗe suna ɗauke da shi. Ba ƙarya suke ba. Sai dai a binciken nan dai, masu nadamar sun ɗauki kusan shekara 11 kafin su dawo su faɗa, kaso mai yawa kuma sun daina zuwa asibitin ba a san labarinsu ba, sannan an tace su tacewa mai tsanani kafin a kai su ɗakin tiyata. Yarinyar da ta tara kuɗi a intanet ta sayi tikiti ba ta bi ta wannan rariyar ba.

Kin tambayi yadda likita zai yarda. A dokar Ingila mai shekara 18 babba ne, kuma dokar 2005 kan hankalin yanke shawara ta ce ba a ɗaukar mutum marar hankali don kawai ya zaɓi abin da wasu ke gani wauta ne. Saboda haka amsar tambayarki ta uku ita ce a'a, ba ki da ikon hanawa, asibiti ma ba zai gaya miki komai ba sai da izininta. Amma yardar majinyaci ba ta sauke wa likita nauyi. Tun hukuncin kotun ƙoli na 2015 a shari'ar Montgomery, wajibi ne likita a Birtaniya ya faɗi duk haɗarin da mai hankali zai so ya sani, ya kuma shimfiɗa sauran hanyoyin da ake da su. Likitan kirki da 'yar shekara 19 ta zo masa da ciwon mara, da jini, da damuwar da ba ta lafa ba, zai fara tambayar me ke kawo ciwon kafin ya ɗauki wuƙa.

Su kansu likitocin ba bakinsu ɗaya ba. Ƙungiyar WPATH, wadda asibitocin sauya jinsi suka fi bin ƙa'idojinta, ta sa shekara 17 a matsayin mafi ƙaranci don cire mahaifa a daftarinta, sannan ta goge adadin shekarun daga bugun ƙarshe na 2022, abin da ya jawo mata suka mai yawa. A can wajenku, Dokta Hilary Cass, likitar yara da aka naɗa ta binciki lamarin, ta fitar da rahotonta a Afrilun 2024, ta ce hujjojin da aka gina maganin sauya jinsin yara a kansu raunana ne, ta kuma nemi a yi wa 'yan shekara 17 zuwa 25 kulawa ta musamman maimakon a jefa su layin manya rana ɗaya. Wasu likitoci sun soki rahoton, wasu sun rungume shi. Kin kuma ji labarin Keira Bell, wadda ta fara magani tana 16, aka cire mata nono tana 20, daga baya ta yi nadama ta kai asibitin Tavistock, wanda ya ɗora ta a kan maganin, kotu. Ta yi nasara a 2020, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2021. Kada ki ɗauki sunanta ki buga wa 'yarki a ka, ta riga ta ji shi sau ɗari kuma tana da amsa.

Ga abin da ya fi amfani a gare ki, kuma daga bakin mutanen da take girmamawa ya fito. Ita WPATH ɗin, a ƙa'idojin 2022, ta ce kada a riƙa cire mahaifa ko ma'ajiyar ƙwai don kawai tsoron sankara ga mai shan testosteron. Tsohuwar maganar da ke yawo a intanet cewa dole a cire bayan 'yan shekaru ba ta da madogara yanzu. Takardun sauya jinsi a hukumance ma ba sa buƙatar tiyata, dokar Birtaniya ta 2004 ba ta gindaya wannan sharaɗi ba. Masu sauya jinsi da kansu ne suka yi shekaru suna yaƙi don kada a tilasta musu rasa haihuwa: Suwidin ta soke sharaɗin a 2013 har ta biya diyya daga baya, kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta haramta shi a 2017, kotun ƙolin Japan ta bi sahu a 2023. Wato babu wanda ke tsaye a bayanta da agogo. Muryar da ta buɗe ba za ta koma ba, gashin ma da wuya, amma muddin ma'ajiyar ƙwai na nan, yawanci tana farfaɗowa in an daina sinadarin, har akwai waɗanda suka haihu bayan haka. Mahaifa kuwa in ta fita ta fita.

Shi ya sa nake so ki raba magana biyu da kika cure wuri ɗaya. Akwai maganar ko ita mace ce ko namiji, wadda kuka yi shekara biyu kuna ja babu wanda ya motsa. Akwai kuma maganar ciwo da jini, wadda ke da magani a wannan watan. Ciwon mara abu ne sananne ga masu shan testosteron, amma yana iya zama wani abu dabam: tsiron fatar mahaifa a wajen mahaifa, ƙulli a ma'ajiyar ƙwai, ɗaurewar naman mara, ko ƙarin mahaifa, wanda ya fi kama mu baƙar fata kuma da wuri. Wasu daga cikin waɗannan ko an cire mahaifa ciwon na nan. Jinin da ke ɓallewa bayan shekara guda a kan sinadarin shi ma sai an duba shi, a auna yawan sinadarin a jini, a yi hoton ciki, a yi gwajin juna biyu in da hali, domin testosteron ba ya hana ɗaukar ciki, yana kuma cutar da ɗan tayi. Ana tsayar da jinin da abubuwan da kika sani tun daga asibitin gida: ƙwayar norethisterone, allurar wata uku, ko robar mahaifa irin Mirena. In jinin ya tsaya ciwon ya lafa, rabin abin da ke kora ta zuwa filin jirgi ya tafi.

Na san addini ne ya fi hana ki barci, ko da ba ki rubuta ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yanke a 1989 cewa sauya jinsi bai halatta ga wanda halittarsa ta bayyana ba, ta ware mata-maza da ake yi wa gyara. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta hana kawar da haihuwa kwata-kwata sai da larura. Ba wanda ya ce ki sauya aƙidarki, kuma kada ki yi mata ƙarya cewa kin yarda. Amma hukuncin aiki dabam, haƙƙin ɗa a kan uwa dabam. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Shawarar maigidan kuwa, kada ki bi. Ina tausaya masa. Mutum ne da ya bar garinsu don 'ya'yan nan, yana jin abin da za a faɗa a zauren gidansu, kuma tsoro ne ya fito masa da kayan fushi. Amma yaudarar mutum a fitar da shi daga Birtaniya don a yi masa auren dole laifi ne tun 2014, hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 7, kuma ke ma da kika kira ta kika ce biki ne kina ciki. Sauran yara biyun hukuma za ta shigo maganarsu. Ko a addini, Annabi (SAW) ya warware auren da mahaifin Khansa'u bint Khidam ya ɗaura mata ba da son ranta ba. Ki tuna kuma da ɗan mutanen da za a ɗaura wa, shi ma an cuce shi. Ki yi tunanin yarinya mai wannan murya da gashin haɓa, ba fasfo, ba maganin damuwarta, a unguwar da kowa zai leƙo ya gani. Wadda ta ce gara ta mutu saboda ɗigon jini, me za ta yi a ɗakin miji? In ta tsira ta dawo, ba za ku sake ganin ta ba, kuma abu na farko da za ta yi shi ne tiyatar nan. Ki nemi wanda maigidan ke jin nauyinsa, yayansa ko wani malami mai natsuwa da ya san dokar ƙasar, ya zaunar da shi. Addu'a da ruƙiyya ki yi ta yi a kan sallayarki, wannan ba ya buƙatar fasfon kowa.

Na ce akwai dabara a bakinki. 'Yar fari ce, ke kuma Bakanuwa. Ina kyautata zaton tun da kika haife ta ba ki cika kama sunanta ba, kunya ta hana. Mu mun san wannan kunyar so ce, amma yarinyar da ta tashi a Ingila tana ganin iyayen ƙawayenta na rungume su, wataƙila ta karanta ta a matsayin nisa. Yau kunyar nan za ta yi miki rana. Ba sai kin kira tsohon suna ta ji an soke ta ba, ba kuma sai kin kira sabo kin ji kin saɓa ba. Hausa ta ba mu hanya: "An tashi lafiya? An ci abinci? Yaya jikin?" Haka kike yi mata tun asali. In da sunan wasa na ƙuruciya da ba ta ƙi ba, ki riƙe shi. Da wannan za ku iya awa guda kuna magana ba a taɓa wurin ciwon ba.

Ki je inda take ke kaɗai, da abincin da ta fi so. Kada ki ambaci ƙanwarta, yarinyar tsoro ne ya sa ta nuna miki, kuma ita ce gadar da ta rage tsakanin yayarta da gida. Ki fara da ciwon, ki bar ta ta ba ki labarinsa har ƙarshe ba ki katse ba. Sannan ki roƙi abu ƙarami wanda za ta iya ba ki ba tare da ta ji ta sha kaye ba: ku je wajen likitan unguwa, GP, ya tura ta ga likitan mata a NHS, wato asibitin gwamnati, a duba ciwon, a gwada tsayar da jinin, a kuma sake duba maganin damuwar. Ki nemi shekara guda kafin duk wata tiyata. In ta ce ya yi yawa, ki karɓi wata shida, gaggawa ce abokiyar gabarki a nan. Ki ce za ki biya mata ganawa da likitan ƙwaƙwalwa wanda ba shi da hannu a asibitin da zai karɓi kuɗin tiyatar, ki bar ta ta zaɓe shi da kanta don kada ta zaci tarko ne.

Zai yiwu bayan duk wannan ta ce tana kan bakanta, kuma ba zan yi miki alkawarin akasin haka ba. In an kai nan, akwai sauran abin ceto. Ki roƙe ta ta bar ma'ajiyar ƙwai, ko da guda ɗaya, domin jinin daga mahaifa yake zuwa, cire su ba ya ƙara mata komai a wannan fannin sai dogaro da kwalba. Ta tambayi maganar daskarar da ƙwai, wanda dokar Birtaniya tun 2022 ta yarda a ajiye har shekara 55, ko da yake in babu mahaifa sai an nemi wata ta ɗauki cikin, kuma jumhurun malamanmu ba su halatta wannan ba. Ta yi aikin a inda take zaune, inda likitan zai gan ta in wani abu ya taso. Ta tambaye shi sau nawa ya yi wa mai shekarunta, wa zai riƙa rubuta mata sinadari bayan nan, yaushe za a auna ƙarfin ƙashinta. Likitan da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, a tashi a bar masa ofishinsa.

Ke ma ki nemi mutum ɗaya mai riƙe sirri da za ki riƙa sauke wa, ki kuma gaya wa naki likitan cewa ba kya barci. Yau da daddare ki tura mata saƙo gajere, ba wa'azi, ba hoton asibiti: "Yaya marar? Ina nan zuwa ranar Asabar, me za a dafo?"